Edith Mai Kwasar Ƙasa

Duk mai haƙa rijiyar burtsatse daga Samaru har Sabon Gari ya san Edith Shekari, kuma ba duka ne ke murnar ganinta ba. Inji zai fara ruri, ƙasa ta fara feshi, sai a ga ɗan acaɓa ya ja birki, wata gajeriyar mata mai tabarau ta sauko da buhu cike da gorunan roba da ba komai a cikinsu, ga cokalin miya a hannu. Ba wanda ya gayyace ta. Yadda take jin labarin inda za a yi haƙa, wannan sai Allah sai ita. Masu haƙar kan ce ko a mafarki ka tada inji, Anti Edith za ta iso da cokalinta.

Ita ba malamar jami'a ba ce, in ka kira ta Dakta nan take za ta gyara maka. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a sashen nazarin duwatsu a Samaru, ita ke yanka dutse siriri ta ɗora a gilashi don ɗalibai su leƙa, ita ke wanke kayan aiki, ita ke yi wa yara faɗa in sun bar guduma a ƙasa. A Sabon Gari aka haife ta. Mahaifinta mutumin Zonkwa ne da aikin reluwe ya kawo Zariya, ya zo da niyyar ɗan taɓa aiki ya koma, sai da ya yi furfura ya rasu a nan. Ta yi aure, ta haihu, yara sun girma sun watse, sai hannunta ya samu sararin yin abin da ya daɗe yana cin ranta.

Masu haƙa suna da wata al'ada. Duk sandar ƙarfe ɗaya da ta nutse, sukan ɗebi abin da ya fito daga ramin su tsiba a gefe, tsibi-tsibi a jere, don mai gida ya ga ba wasa ake yi da shi ba. Da an gama aiki a tattake, ruwan sama ya wanke saura. Wannan asara ce da Edith ta kasa jurewa. Sai ta riƙa tsugunawa gaban tsibin nan, ta ɗebi cokali guda daga kowanne ta zuba a gora, ta sa 'yar auduga a tsakani, ta danne da kara don kada su cakuɗe. In gora ta cika, za ka ga cikin ƙasar gidan a tsaye a gabanka: jar ƙasa a sama, sai marmara, sai yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli inda ruwa ke kwanciya, can ƙarshe garin baƙin dutse wanda ko inji sai ya yi kuka kafin ya huda shi.

Daga nan ta ɗauki alamar wurin da wayarta, ta manna salatif a jikin gora, ta rubuta sunan mai gidan. Lamba ba ta yi mata ba. Wa ya taɓa kwatanta maka gida a Sabon Gari da lamba? Gidan wane mai taya, gidan wance mai burodi, haka muka san juna, haka ita ma ta san gorunanta.

To amma mu nan mun san abin da ake nufi in an ce wani ya ɗebi ƙasar gidan wani. Bahaushe, Ibo, Bayarabe, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, a wannan babi duk limaminmu ɗaya. Edith ba baƙuwa ba ce, ta san da haka. Shi ya sa ba ta taɓa sa cokali sai ta nemi izinin mai gida a gaban jama'a, in ya ɓata fuska ta yi masa sai an jima ta hau acaɓarta. Takan yi dariya ta ce mai sammu ba ya zuwa da rana tsaka da tabarau da salatif. Mutane su yi dariya tare da ita, wasu har ciki, wasu iya haƙori.

Gorunan sun cika kanta ɗaya a ɗakin gwaji, sun cika ta biyu, har suka fara cin wurin duwatsun sashen. Ana cikin haka Dakta Omolara Adebayo ta dawo daga ƙarin karatu. Wannan yarinya ce da Edith ta taɓa yi wa faɗan guduma tana ɗaliba. Ta tsaya gaban kantocin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Anti, kin san abin da kika tara kuwa? In muka jera waɗannan a kwamfuta, kowace a inda aka haƙo ta, muka haɗa marmara da marmara, yumɓu da yumɓu, za mu ga ƙarƙashin garin nan gaba ɗaya.”

Haka aka yi, sai dai ba da sauƙin da bakin Omolara ya faɗa ba. Edith, wadda a da ko linzamin kwamfuta take riƙewa kamar ta kama ɓera da rai, ta zauna ta koya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, kafin abu ya yi kama da abu. Abin da ya fito ba irin taswirar bango ba ce da ake kallo a shimfiɗe. Wannan tana da jiki, tana da tsawo da faɗi da zurfi. A sama ga layuka da rufin gidaje, ga kasuwa, ga layin dogo. In ka sa yatsa ka ja, sai unguwar ta karkata ka ga gefenta hawa-hawa, ka yanka ta inda kake so, ka leƙa inda dutse ya taso kusa da inda ya nutse ya bar wa ruwa makwanci.

Omolara ta so a sa ta a shafin intanet don masana su gani. Edith ta ce masana suna da idanu, su gani, amma mutanen da suka ba ta ƙasa su ne farko. Ta kafe a kan sai taswirar ta buɗe a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, ba tare da ta lashe wa mutum data ba. Duk gyaran da aka yi sai ta fita bakin kasuwar Samaru ta ari wayar mai gasa masara ta gwada, in ta tsaya tana juyi ta dawo ta ce a sake. Ranar da ta buɗe, Edith ta tura adireshin shafin a guruf ɗin zumuntar mata na cocinsu, daga nan kuma ya fi ƙarfinta. Mai shirin haƙa ya duba kafin ya kira inji. Kwamitin ginin coci ya duba kafin ya haƙa harsashi. Ɗalibai a Jos da Minna suka riƙa turo tambaya. Ni dai ban ga abin da ya fi burge ni ba kamar tsohon da na gani a shagunan PZ yana murza waya da babban yatsa, yana nuna wa abokinsa ƙarƙashin shagonsa kamar shi ya shimfiɗa shi.

A cikin gorunan nan akwai guda da Edith ta fi so, ta gidan Chiedozie mai kayan famfo. Matarsa Ukachi, wadda unguwa ke kira Maman Tochukwu, ƙawar Edith ce tun suna tallar gyaɗa a bakin tashar jirgi. Iyayensu maza tare suka yi aikin reluwe, ɗakunansu na jikin juna. Ukachi Ibo ce a suna, amma a Sabon Gari aka binne cibiyarta, in tana zagi da Hausa ko 'yar Tudun Wada sai ta sara mata. Ita ta riƙe wa Edith hannu a ɗakin haihuwa, Edith ta yi mata jinyar uwa. Ranar da aka haƙa burtsatse a gidansu, Ukachi da kanta ta wanke gorar ta miƙa, Chiedozie kuwa yana tsaye da tawul a wuya yana tsokana. “Farfesa, rubuta sunana da manyan baƙaƙe,” in ji shi, “ina so har Amurka su san akwai ni.” A duk layin nan babu wata burtsatse sai tasu, saboda haka duk abin da taswira ta sani game da ƙarƙashin layin, daga gorar nan ta samo shi.

Bayan an saki taswira da 'yan watanni, Chiedozie ya faɗi a shago. Hawan jini ne, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Aka kai shi asibitin Shika. Likitoci suka yi abin da za su iya, Edith na zuwa da kunu kullum in ta tashi aiki. Sai ƙanwarsa Ify ta iso daga Aba, mace mai son ɗan'uwanta da gaske, mai kuma saurin gano maƙiyi ko a inda babu. Ta ja Ukachi zuwa wani gidan addu'a. Mai gidan addu'ar ya rufe ido ya ce akwai na kusa da ya ɗebi ƙasar gidan. Wannan magana ce da za ka faɗa wa kowa a garin nan ta zauna daidai, amma a kunnen Ukachi sai ta faɗi a kan mutum ɗaya.

Da farko ta ƙi. Ta ce Edith ce fa, kuma a gabanta aka ɗiba. Ify ba ta yi musu ba, ta karɓi wayar Ukachi ta buɗe taswira, ta nemo rufin gidan, ta sa yatsa ta ja sama da ƙarfi. Unguwar ta wuntsila, gidaje suka koma ƙasa, baƙin dutse ya hau kansu.

“See am! Ga shi!” Ify ta ce, sannan ta ci gaba da gurguwar Hausarta. “Ta kifa gidanku. Kowa a duniya yana kifa gidanku da yatsa. Yaya mutum zai tashi?”

Kada a yi wa Ukachi dariya. Matar da ta kwana biyu tana goge wa mijinta miyau, tana kallon bakin da ya saba cika gida da surutu ya kasa furta sunanta, ba ta da ƙarfin yin gardama da kowa. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama.

Da hantsi Ukachi ta shigo ɗakin gwajin, karo na farko a rayuwarta. Edith ta taso da murna, sai ta ga fuskar. Ukachi ba ta amsa gaisuwa ba, tana bin kantoci da ido, gora bayan gora, suna bayan suna, har ta kai ga na mijinta da manyan baƙaƙe.

“Edith, ki ba ni ƙasan gidana.”

“Uka, lafiya? Jikin Baban Tochukwu ne?”

“Ban ce kin yi komai ba. Allah na gani ban ce ba. Amma ki ba ni. Kuma ki cire gidana daga cikin abin nan naki, kada wani ya ƙara juya mu.”

Edith ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Bakinta cike yake da amsa. Tana iya cewa ke kika wanke gorar. Tana iya cewa hawan jinin nan ya girmi burtsatsen, kuma kowa ya san yadda mai gidan ke wasa da magani. Ta dubi idanun ƙawarta da suka faɗa don rashin barci, ta haɗiye duka. Ta taka kujera ta sauko da gorar, ta goge ta da gefen zanenta, ta miƙa da hannu biyu.

“Ga shi. Na kwamfuta ma yau zan cire. Allah ya ba shi lafiya.”

Ukachi ta karɓa ta juya, ba ta waiwaya ba.

Omolara da ta ji abin da ya faru ranta ya ɓaci, kuma tana da hujja. Ta ce a cire sunan kawai da hoton rufin, a bar awon, wa zai sani? Ta ce in ma an goge, kwamfuta na iya cike gurbin da kintace daga layukan da ke kewaye, ba wanda zai ga tabo. Edith ta girgiza kai.

“Dakta, ƙasar nan aro aka ba ni. Mai abu ta ce a mayar, ba zan mayar da rabi in ɓoye rabi ba. Kuma ba zan sa inji ya yi wa mutanen layin ƙarya ba, wani ya je ya haƙa a kan kintace.”

Ta goge awon daga kwamfutar ofis, ta goge daga ma'ajiyar intanet, ta goge hotunan gorar daga wayarta. Da aka sabunta shafin sai ga rami a tsakiyar Sabon Gari, fari fat, daga sama har ƙasa, kamar an cire haƙori. Masu tambaya suka yi ta tambaya. Amsarta ɗaya ce, babu bayani a nan. Ba ta taɓa kama sunan kowa ba.

Magana kuwa ta riga ta fita. A coci wasu suka fara matsawa in ta zauna. Masu gidaje biyu-uku suka zo karɓar gorunansu, ta ba su ba tare da ta ɗaga murya ba. Ba wannan ne ya dame ta ba. Abin da ya hana ta cin abinci shi ne ta dafa kunu ta tsaya da kwanon a hannu, ta tuna ba ta da inda za ta kai shi. Takan bi ta wani layi in za ta gida don kada Ukachi ta gan ta ta rasa yadda za ta yi da fuskarta. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi addu'a Allah ya tashi kafaɗar Chiedozie, ko da hakan zai sa duk garin su ce ai ga shi, da aka mayar da ƙasa ya warke.

Bai warke ba. Ya rasu da farkon kaka. Masu cewa asiri ne suka ce an makara wajen karɓo ƙasar, don irin wannan magana ba ta taɓa faɗuwa ƙasa. Edith ta je gaisuwa ta zauna can baya cikin mata, ta tafi ba su haɗa ido ba. Aka ɗauki gawa zuwa ƙauyensu a Imo kamar yadda aka saba, Ukachi ta bi, da sanin cewa za ta zauna can har ta fita takaba.

Watanni suka shuɗe. Wata ranar Talata Edith na wanke gilasai sai wayarta ta yi ƙara, kiran bidiyo. Ta goge hannu ta ɗauka. Da ƙyar ta gane fuskar. An aske kan tas, fararen kaya, ta rame, bayanta ganyen ayaba da bangon da ba a yi wa shafe ba.

“Edith.”

“Na'am, Uka.”

Sai Ukachi ta fara magana da sauri, kamar mai tsoron kada ƙarfin halinta ya ƙare.

“Nan ba wanda zan yi Hausa da shi. In na yi Ibo dariya suke, wai matan Hausa ta zo. Jiya na buɗe abin nan naki, na ce bari in ga gida ko a waya ne. Na ga kasuwa, na ga layin dogo, na ga rufin su Maman Folasade. Na zo layinmu, ba komai. Edith, ina gidana?”

“Ke kika ce in cire.”

“Na ɗauka suna za ki goge ki bar sauran. Kowa haka zai yi.”

“Kin ce in cire, na cire.”

Ukachi ta sa gefen mayafi ta share ido. “To ki mayar.”

“Ba ni da abin mayarwa, Uka. Rufin zan iya sawa yanzu, amma ƙarƙashinsa ban bar komai ba, ko hoto.”

Hoton ya girgiza, aka ga rufin ɗaki, aka ji ƙarar akwati. Da fuskar ta dawo, ga gora a hannunta, salatif ɗin ya fara ɓallewa. Ify ta so a fasa ta a gidan addu'a, in ji ta, ita kuwa ta kasa, ta cusa ta cikin zannuwa ta ce ta ɓace. Tun daga Zariya har Imo a bayan mota, audugar nan ta riƙe kowane hawa a inda yake.

Edith ta jawo kujera gaban kwamfuta. “Fita waje inda akwai haske. Ɗaga ta sama kaɗan. Juya. Tsaya nan.” Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa, don ba tabarau ne ke hana ta gani ba. A hankali ta fara ƙirga hawan tana shigarwa, Ukachi na bin su da farce tana faɗa mata launin in hoto ya dushe. Jar ƙasa. Marmara. Yumɓu, ya fi na maƙwabta kauri. Da suka kai ga mai ƙyallin Ukachi ta ce, “Nan ne ruwan ya fito, ranar da ya jiƙa masa tawul,” suka yi dariya su biyu, dariyar ta karye a tsakiya.

Da ta gama ta sabunta shafin, ta ce wa Ukachi ta rufe ta sake buɗewa. Sabis ɗin ƙauye ya ja rai. Edith na zaune tana jin kukan kaji daga wata ƙasa da ba ta taɓa zuwa ba. Can sai muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa.

“Ga shi nan. Ga gidana.” Ta ja numfashi. “In na fita takaba zan kawo miki goranki.”

“Riƙe ta, na gama da ita,” in ji Edith. “Ke nake so ki dawo.”